Zanin Zumunta da Ƙullin Dawar Saratu

Birnin Gwari,
ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga autana Habila,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya raya ni har na ga ranar da aka ɗora maka hannu a gaban jama'a. Ina roƙonsa ya kai ka lafiya jibi, ya tsare babur ɗin da zai ɗauke ka da mai tuƙa shi, ya kawar da idon mugu daga hanyarku tun daga bakin gari har gindin ɗorawar da ake jiranka.

Na san za ka yi dariya ka ce Mama ta tsufa, ɗakinta yana kallon nawa amma sai ta rubuto wasiƙa. To, na gwada baki sau biyu. Na farko ka shigo ne kana neman abin cajin wayarka, hankalinka ba ya wurina. Na biyu kuwa na zaunar da kai sosai, na gyara murya, sai na ji kaina ina tambayarka ko ka sayi gidan sauro. Maganar ta ƙi fita. Shi ya sa na ɗauko biro, abin da hannuna ya saba da shi tun ina koyar da 'yan aji uku. Zan cusa takardar a jakarka tsakanin ƙullin yaji da na daddawa, don na san hannunka zai kai nan kafin ya kai ga littattafanka na tauhidi.

Kowa yanzu Fasto yake ce maka. A gaban mutane zan yi ƙoƙari, amma a takardar nan Auta kake, ka yi haƙuri.

Inda aka tura ka, ƙauyen nan na gaba da Kusasu, mutanensa sun koma ne bara bayan shekarun da suka yi suna gudun 'yan bindiga. Ka riga ka ji cewa majami'arsu ba rufi, gidan fasto kuma sai an gina. Ka kuma ji sunan Saratu, matar da aka ce ita ta riƙe su da addu'a da waƙa duk tsawon lokacin nan, ba fasto ba mai bishara. Abin da ba ka ji ba shi ne akwai laifi tsakanina da ita, kuma nawa ne, ba nata ba. Kana makaranta aka yi abin, ni kuma na ja bakina na tsuke. Yanzu ga shi Allah ya ɗauki ɗana ya kai shi ƙofarta. Ba zan bari ka shiga cikinsu ba tare da ka san abin da uwarka ta bari a can ba. Amma bari in fara da wani kuskure da ya girmi wannan, don daga can halin ya taso.

Da marigayi babanka ya kawo ni garin nan daga ƙasarmu ta kudu, shi sabon mai bishara, ni sabuwar malama, ban ɗauka zama muka zo yi ba. Na ce shekara biyu, in ta yi yawa uku, a mayar da mu gida. Akwatin ƙarfen nan da kake ajiye takardunka a ciki, shekara biyar ya yi a ɗaure a bayan ƙofa, kwanukan aurena a ciki ban taɓa cin abinci da su ba. Ko barkono ban shuka a tsakar gida ba. In mata suka zo gaishe ni, hirata ɗaya ce: a wurinmu ba haka ake tuƙa tuwo ba, a wurinmu ba haka ake rera waƙar nan ba. Sannan in zauna ina mamakin abin da ya sa suke gaishe ni sama-sama, su wuce wurin babanka da damuwarsu.

Maƙwabciyarmu Inna Lami ce ta warkar da ni, Allah ya jiƙanta. Musulma ce mai ƙosai a bakin layi, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Wata rana ta shigo da ɗan dashen mangwaro a fasasshen kasko, ta dire a gabana.

Ta ce, "Malama, ga wannan ki dasa."

Na ce, "Inna, ai mu ba daɗewa za mu yi ba. Wa zai sha?"

Ta ce, "To ai shi ya sa kowa yake miki gaisuwan baƙo. Ke dai ki dasa. In kin tafi jikokina su sha."

Mangwaron da ka faɗo daga kansa ka karya hannu ke nan. A makon da na dasa shi na kwance akwatin, kuma daga nan mata suka fara zama a tabarmata har su manta da tukunya a wuta.

Auta, ranar da ka isa ka kwance jakarka duka. Kada ka bar rabin kaya a nan gida wai ko za a sake maka wuri. Mutanen da suka taɓa gudu sun fi kowa gane mai shirin tafiya, kallo ɗaya za su yi wa ɗakinka su sani. Ka roƙi ɗan fili ka yi 'yan kunyoyi da hannunka, ko da tafin nan naka na ɗan makaranta zai yi bororo. Maganar nan kuma da kake so, wai "a makaranta an koya mana", ka haɗiye ta aƙalla shekara guda, ka fara jin yadda su suke yi.

To, na zauna, na saba, har aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata, aka yi ta sake zaɓena. Ka san yadda nake da zanin zumunta. Ba na ɓoyewa, ina sonsa har gobe. Iyayenmu mata da suka fara shi suna da dalili. A da, ranar Lahadi matar ɗan kasuwa takan shigo da leshi, matar manomi ta raɓe a baya da zanin da ta je gona da shi. Sai suka ce kowa ta ɗaura iri ɗaya, zani ɗaya, farar riga, ɗankwali ɗaya, yadda in mun tashi waƙa ba mai gane wadda ta ci nama jiya. Ni kuma ga halin malaman firamare. Shekara da shekaru ina tsayawa a bakin aji ina duba farce da kayan makaranta, sai na kwaso halin ɗungurungum na kawo majami'a. In muka yi layi nakan bi shi daga gaba har baya ina gyara ɗaurin ɗankwali. Matan suna ce mini Hedimasta a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Sai shekarar nan ta zo da mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari. Kana gani a waya kana kirana, amma gani da ido daban ne. Sun cika harabar majami'a, wasu ko takalmi babu. Mu matan zumunta muka kafa tukwane, mako uku wuta ba ta mutu a murhu ba. A cikinsu na fara ganin Saratu, 'yar Gbagyi ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta bai fito da rai ba. Ta zo da yara uku da zanin jikinta kaɗai, wani kore da ya koɗe har ba a gane zanensa. A ƙauyensu ita ce mai ba da waƙa a zumunta, amma zanin zumuntarta ya ƙone tare da ɗakinta. Ranar da ta fara ɗaukar tulun kiɗa a wurin koyon waƙarmu, ta buga, ta ɗaga murya. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kuma ban sake ji ba tun daga nan.

Godiyar kaka ta zo. Ka san tsarinmu: mata su yi layi daga waje, kowa da kwanon hatsi ko damin dawa a ka, mu shigo da rawa har gaban bagadi, inda ake ajiye baiko. A shekarar an ce manyan baƙi za su zo daga Kaduna su ga halin da muke ciki, har da ɗaukar hoto. Na ce a raina, to bari su ga ba mu wargaje ba. Da safe na bi layi kamar yadda na saba. Can wajen tsakiya sai ga koren zanin nan. Saratu tana tsaye, ba kwano a kanta, ta dai riƙe gefen zaninta inda ta ƙulle wani abu kamar ƙullin goro. Bayanta akwai wasu matan ƙauye shida ko bakwai, kowa da abin da ta tsira da shi a jiki.

Na ce, "Saratu, bana kam ku zauna daga baya ku yi kallo. Layin na masu zani ne. Baɗi in Allah ya kai mu sai ku shiga."

Ta dube ni, ta ce, "Mama, ni ma na kawo godiya na."

Na ce, "Ba komai, ki ba wata ta kai miki."

Ban yi tsawa ba, Auta. Da murmushi na faɗa, har da dafa kafaɗarta, kuma wannan ya fi damuna yanzu. Ta fita daga layin, sauran suka bi ta, suka zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Muka shiga da rawa, layi ya yi kyau, baƙi suka yaba. Hoton yana nan a bangon falo, ka sha wuce shi. Lahadin da ta biyo baya, bencin ƙarshe ba kowa.

Ga abin da nake so ka ɗauka. Duk dokar da ka gada, kafin ka ɗora ta a kan mutum, ka tambayi kanka don me aka yi ta. Zanin nan an yi shi ne don kada a mayar da matalauciya baya, ni kuma da shi na mayar da ita baya, kuma a ranar gani nake aikin Allah nake yi. Yawancin tsarinmu an yi shi lokacin da mutum yake kwana a ɗakinsa ya tashi a ɗakinsa. Ban ce ka watsar da shi ba, don mutanen da komai ya watse musu suna bukatar abin da zai tsaya a inda suka san shi. Amma in ka ga doka ta tsaya a ƙofa tana tare mutumin da aka yi ta dominsa, kai ne za ka matsar da ita, shi ya sa aka ɗora maka hannu. Kuma duk ranar da aka ce manya za su zo, ka sa ido a kan zuciyarka fiye da kullum. Ni irin ranar ce ta kayar da ni.

Su Saratu kuwa, ban bi su ba. Na ce fushi ne, zai huce. Sai labari ya riƙa zuwa cewa suna taruwa can bakin gari, a kangon ginin wani Malam Isa mai injin niƙa. Shi ya ce su yi addu'arsu a ciki tunda bai kai ga rufa shi ba tukuna, ya kuma ara musu gefen gonarsa. Ni da ya kamata in ji kunya, sai na ji haushi. Na kai ƙara wurin dattawa, na ce wannan raba ikilisiya ne, wa ya ba Saratu izini? Shekara guda cur na yi ina kan bakana.

Da godiyar kaka ta sake zagayowa, waƙarmu ta yi sanyi, don duk matan ƙauyen sun koma can kangon. Sai na yi dabara. Na ɗauko sabon zanin zumunta da farar riga da ɗankwali, na sa a leda, na ba Rifkatu mataimakiyata ta kai wa Saratu, ta ce mata layi yana jiranta. Ni ban je ba. Na ce ai shugaba ba ta bin mutum har kango, aike ya isa.

Kafin la'asar Rifkatu ta dawo da ledar kamar yadda ta tafi da ita, sai dai ta ƙara nauyi. A kan zanin akwai ƙullin dawa ja, kamar cikin tafi biyu.

Rifkatu ta ce, "Mama, ta ce in gaishe ki da kyau. Ta ce zani kam tana da na ɗaurawa. Wai dawan nan shi ne ta ƙulla a zani ran da suka gudu, irin gidan mijinta ne, shi ta so ta kai gaban bagadi ran nan. Tunda bai shiga ba sai ta shuka a gonan Malam Isa. Ta ce ya haihu, ta raba ma kowa, wannan rabonki ne."

Ka san abin da uwarka ta yi? Na ce habaici ne. Na juye dawar a gwangwanin madara, na tura saman kabad, na ce ba da ni ba. Damina guda ta wuce ta tana can.

In ka ɓata wa mutum, ka je da ƙafarka. Kada ka aika dattijo, kada ka tura saƙon waya, kada kuma ka hau mumbari ka nannaɗe ban haƙurin a cikin wa'azi, yadda kowa zai ji amma ba wanda aka faɗa wa. Na ga fastoci masu kirki sun yi haka. Rigar nan da aka sa maka za ta riƙa raɗa maka cewa girmanka zai zube in ka durƙusa. Ƙarya take yi, ni na saurari irin raɗar nan, ga inda ta kai ni. Ka kuma lura, ban aika zanin don na gane laifina ba, na aika ne don muryarta nake bukata. Ta gane sarai, ai ba yarinya ba ce.

Na ƙarshen shi ya fi mini wuyar rubutawa, don kai na yi wa. Da aka sanar da inda za a tura ka a farkon daminar nan, kwana biyu ban ci abin kirki ba. Na binne babanka, ba na so in binne ka. Wannan gaskiya ce, kuma ba na jin kunyarta. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ba na so ɗana ya je ya zauna a gaban idon matar da na fitar daga layi. Na ce za ta rama a kanka, ko da da shiru ne. Sai na ɗaura zanina na tafi ofishin Baba Rabaran, shugaban gundumarmu, ba da saninka ba. Na roƙe shi ya sake maka wuri, ya kai ka Kaduna ko wani gari mai kwalta. Na jero masa shekarun da babanka ya yi yana taka keke a dajin nan, na ce gidanmu ya riga ya ba da nasa.

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin san ba mu muka zaɓa masa wurin ba? Su suka zo nan, su huɗu a kan babur biyu, suka roƙe shi da suna. Saratu ce ta yi magana."

Na ce, "Saratu? Ta san ɗan waye?"

Ya ce, "Haka ni ma na tambaye ta, don labarin layin nan ya zo kunnena. Sai ta ce mini, 'Baba, ai shi ya sa. Maman nan ta dafa mana tuwo sati uku ba ta zauna ba. Ta san sunan yaranmu ɗaya ɗaya. Da ƙaramin nawa ya yi zazzaɓi, a bayanta ya je asibiti. Abu ɗaya ne ba ta gani ba. In ɗanta ya ɗauko hannunta, sauran mu za mu koya masa.'"

Auta, na yi kuka a ofishin mutumin nan kamar yarinya, har ya rasa inda zai sa idonsa, ya shiga gyara takardun da suke a gyare. Ni duk lokacin nan abu ɗaya nake tunawa in an ambaci sunanta, na ɗauka ita ma shi kaɗai take tunawa. Ashe tana riƙe da tuwon. Ni har na manta na goya yaron.

Na ce wa Baba ya manta na zo. Ya ce ai shi yau bai ga kowa ba. Amma kai ina so ka sani, kuma ina roƙonka ka yafe mini. Masu ƙaunarka za su fi maƙiyanka ƙoƙarin janye ka daga inda aka kira ka, ga ni nan ta farko. Ka saurare mu da ladabi, ka kuma yi hankali. In mutanen ƙauye suka ce yau ba a bin hanya, kada ka ce kai mai bangaskiya ne ka hau babur, sun fi ka sanin dajinsu. Amma kada ka bar tsorona ya zaɓa maka inda za ka yi aiki.

Tun daga ranar na shiga tambayar yadda suke yi a can, abin da na ji kuma ya sa na daina yi wa ikilisiya kukan mutuwa. Mu tsofaffi mun saba mu zauna muna ta ambaton abin da ya ɓace, ƙararrawa, benci, taron shekara da ake cika mota. A can ba sa buga ƙararrawa, don ƙara tana kai labari inda ba a so. Zagayawa ake yi gida gida, ko a kira a waya, a faɗi lokacin sujada, wani makon da sassafe, wani makon da rana tsaka. Wani tsoho da ƙafarsa ta lalace a wurin gudu shi yake karanta Maganar Allah a zaune. In za a yanke shawara kowa yana da baki, har matan da a wurinmu sai dai su kawo wa dattawa ruwa su fita. Ranar Juma'a mazansu suna sa ido a hanya Musulmin ƙauyen su yi salla, ranar Lahadi su ma su tsaya musu. Ba wanda ya aiko musu da wannan tsari daga ofis. Wahala ce ta koya musu, Ruhun Allah kuma bai jira an turo fasto ba.

Shi ya sa nake da bege a kanku, ku sababbi. Mu an koya mana shugaba shi ne wanda yake gaban layi, kowa yana kallon ƙeyarsa. Ku kuwa za ku fara aiki a inda layin ya riga ya watse, mutane suka koyi tsayawa da ƙafarsu. Ba a jakarka za ka kai musu Yesu ba, ya yi gudun tare da su, tare kuma suka koma. Aikinka ka gano waɗanda Allah ya riga ya tayar, ka ba su wuri, ka koya musu abin da ka karanta, su koya maka abin da suka gani. Kada ka karɓe tulu daga hannun Saratu wai yanzu fasto ya zo. Kada ka ture tsohon nan daga karatu don ka fi shi zaƙin baki. In Allah ya kawo kwanon rufi a rufa, mu yi murna, amma kada ka ƙare shekarunka na farko a kan bulo da siminti har mutane su koma masu kawo maka yashi kawai. Ina hango ranar da fasto zai yi tafiyar wata guda ya dawo ya tarar ba abin da ya tsaya, ya yi dariya ya gode wa Allah maimakon ya ji an raina shi. Babanka ya yi ta fatan haka bai gani ba. Kai ina jin za ka gani.

Kada ka karanta wannan ka ɗauka baƙin ciki nake ciki. Godiya ce ta cika mini ciki har ta hana ni zama. Na gode wa Allah da bai bar kuskurena ya kashe abinsa ba. Na fitar da mata bakwai daga layi, shi kuma ya mayar da su ikilisiya guda, har ga shi ta kira ɗana. Ba wayona ba ne, kuma ba hujja ce ta wanke ni ba, alherinsa ne kawai. Na gode masa don Inna Lami da Malam Isa, waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma suka ba mu inuwa. Na gode masa da ya bar ni da rai har na gane, don da yawa ƙasa ta rufe su suna ganin sun yi daidai. Na kuma gode maka, da aka faɗi sunan ƙauyen ka ce to, ba ka waiwayo ka dubi fuskata ba.

Yanzu ga saƙona. Ranar da na dawo daga ofishin Baba, na taka kujera na sauko da gwangwanin nan. Ƙwari sun cinye fiye da rabi, ƙasansa duk gari. Na zauna na tsince masu rai ɗaya ɗaya a faifai, na kai bayan gida, can gefe inda inuwar mangwaro ba ta kaiwa, na shuka. Kai ne ka tambaye ni makon jiya wace ciyawa ce na kewaye da ƙaya haka, na ce ka bar mini abina. Da na shuka tun lokacin da aka ba ni, da yanzu ina raba wa wasu. Tushe goma sha ɗaya ne suka fito. Sun kai mini ƙugu, kullum da safe sai na leƙa su kafin in ɗora ruwa.

In ka isa ka gaishe da Saratu, ka ce mata Mama ta shuka. Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Kada ka ba ta haƙuri a madadina, na yi aike sau ɗaya na ga yadda yake ƙarewa. Ranar godiyar kakarku ta farko zan zo da kaina, ko da a bayan babur ne ƙashin bayan nan yana kuka. Zan ninke zanin zumunta in bar shi a akwati, in ɗaura na zaman gida. Kada ka sa mini kujera a gaba wai uwar fasto ta zo. In ka yi haka, a gaban jama'arka zan kira ka Auta. A waje zan tsaya da zangarniyata goma sha ɗaya a hannu, in jira Saratu ta iso kaina. In ta ce in shiga, sai in shiga daga ƙarshe. In ta ce bana in zauna in yi kallo, zan zauna, kuma zan ce na gode.

Gidan sauro yana ƙasan jaka, na san ba ka saya ba.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya tsare ƙauyen da duk wanda yake kwana a cikinsa, Kirista da Musulmi. Ya ba ka kunne kafin ya ba ka baki. Ya sa a girbe gonakin nan lafiya, kowa ya ci abin da ya noma a tsakar gidansa. Ni kuma ka riƙa yi mini addu'a biyu: ya hana tsuntsaye dawar nan, ya kuma bar mini ƙafata har ranar da zan tsaya a bakin layin Saratu. Amin.

Ni ce mamanka,
Hannatu.